Kai keke filin jirgin Heathrow, da shigar da shi jirgi

Wanda ya sayi keke a Landan yana son tafiya da shi gida, wahalarsa ta farko tun cikin gari take. Layin jirgin ƙasa na Piccadilly mai zuwa Heathrow ba ya ɗaukar keken da ba ya naɗewa a sassansa na ƙarƙashin ƙasa, kuma tashoshin filin jirgin a ƙarƙashin ƙasa suke. Layin Elizabeth ya fi sauƙi, sai dai a guji lokacin cunkoson safe da na yamma a ranakun aiki. Idan an riga an saka keken a kwali, a nemi babbar tasi kawai, a huta.

Kwalin kuwa, masu sayar da kekuna sukan bayar da shi kyauta. A cire tayar gaba, a juya kan keken, a sauke sirdi, a kwance feda. Fedar hagu baibai ake kwance ta, nan mutane da yawa ke lalata zaren ƙarfen. A naɗe giya da kaca da tsumma, domin masu lodi ba sa lallaɓa kaya. A rage iskar tayoyi kaɗan.

A tuntuɓi kamfanin jirgi kafin sayen tikiti. Wasu na lissafa keke cikin kilo 23 na kaya, wasu sai an biya daban, kuma yawanci ba a karɓar ƙunshi ɗaya da ya wuce kilo 32. Keke mai lantarki kam a haƙura da shi, batirinsa yakan haura wat-awa 160, iyakar da ake yarda fasinja ya ɗauka.