Amsar Tambaya: Zan iya buɗe 7-Eleven a garinmu?

Tambaya: Malam, na je fatauci Bangkok, na ga kantin 7-Eleven kusan kowane lungu. Na wane ne, kuma zan iya buɗe irinsa a gida?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Asalinsa kamfanin sayar da ƙanƙara ne, Southland, a Dallas ta Amurka, a 1927, lokacin da firiji bai wadata a gidaje ba. Sai aka fara ajiye madara da ƙwai da burodi don mai zuwa sayen ƙanƙara. A 1946 aka raɗa masa sunan nan, saboda a lokacin ana buɗewa bakwai na safe, a rufe sha ɗaya na dare. Reshen Japan ya buɗe a Tokyo a 1974, kuma da bashi ya durƙusar da uwar kamfanin, Japanawan ne suka saye mafi yawan hannun jarinsa a 1991. Yau Seven & i Holdings na Japan ke da shi.

Buɗewa kuwa, ba kai tsaye ake yi ba. Babban kamfani ɗaya ake ba lasisin ƙasa sukutum, kamar CP All a Thailand, shi kuma ya ɗauki masu riƙon kantuna. Mai riƙo yana raba ribar ciniki da kamfani, yana ɗaukar nauyin albashin yaran shago, tsarin kanta kuma ba nasa ba ne. Ga wanda ya saba cin gashin kansa, wannan takura ce babba.

Najeriya ba ta cikin ƙasashen da yake aiki, don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da izini, riƙe kuɗinka.