Muryar Mace a Fagen Jama'a: Misali Daga Ƙasar Zamfara

Duk mai nazarin tarihin sarautar Zamfara, wadda gadonta yake Anka a yau, zai tarar da sunan 'Yargoje cikin jerin sarakuna. Tarihin baka ya nuna ta yi mulki na shekara 40 a wajejen ƙarni na 14. Ke nan, ba a shiru aka san macen ƙasar Hausa ba tun fil'azal. Daurama da Amina ta Zazzau da Innar Gobir duk shaida ne. Sannu a hankali aka riƙa janye mata tabarma.

A wajejen 1786 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shiga Zamfara wa'azi, ya yi kimanin shekara 5. Mata suna halartar majalisinsa, a keɓe da maza. Wani malami, Mustafa Goni, ya aiko da waƙa yana sukar haka. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, shi ma a waƙe, kamar yadda ya zo a Tazyinul Waraƙat. Hujjarsu ita ce barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake tsoro muni. Wannan muhawara ta cancanci ɗalibi ya tsaya a kanta, domin da addini aka nemi mayar da mata gida, da addini kuma aka kare haƙƙinsu. Daga baya 'yar Shehu, Nana Asma'u (1793-1864), ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna kai karatu ƙauyuka ta hanyar waƙoƙi.

Siyasar zamani ce ta fi ƙuntatawa. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa sai 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, 'yar Zariya, an ɗaure ta har sau 16 kan fafutukarta. Ƙuri'a ta samu, amma kujera ta yi wuya: a zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya cikin 'yan Majalisar Dokokin Jihar Zamfara 24.

Aikin Ɗalibi
Ɗalibi ya ziyarci fadar Anka ko Gummi ko Bukkuyum, ya binciko sarautun mata da aka sani a da, da waɗanda suka rage, da aikin da mai riƙe da kowace take yi a yau.