Ciwon Huntington da Yadda Yake Lalata Ƙwaƙwalwa

Akwai wani ciwon gado da yawanci ba ya bayyana sai mutum ya kai shekara 30 zuwa 50, galibi ya riga ya yi aure ya tara iyali. Sunansa ciwon Huntington, don wani likitan Amurka, George Huntington, shi ne ya bayyana shi a 1872.

Sai ka ga magidanci yana zaune, kafaɗa ta zabura, yatsu suna ta motsi ba da sonsa ba, kofin shayi ya suɓuce masa. In ya tashi tafiya yana tangaɗi, har maƙwabta su zaci ya fara shaye-shaye. Sau da yawa halinsa ne ke fara canzawa: saurin fushi, mantuwa, baƙin ciki ba dalili. Daga nan sai a ce sammu ne ko iska. To, ba haka ba ne.

Asalin abin yana cikin ƙwayar gado guda, a kuromosom na 4, wadda masana suka gano a 1993, bayan dogon bincike a kan iyalan gefen tafkin Maracaibo a Benezuwela. A cikinta akwai wani ɗan guntu, CAG, da ke maimaita kansa. Ga yawancin mutane bai wuce sau 26 ba. In ya kai 40, ciwo zai zo. Sinadarin furotin da ƙwayar ke sa a ƙera sai ya fito da tsawon da ya wuce kima, ya kasa naɗewa daidai, ya dunƙule a cikin ƙwayoyin jijiya kamar gudaji a kunu. Ƙwayoyin su raunana, saƙo ya daina wucewa sosai, a hankali su mutu. Waɗanda ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, masu aikin tsai da motsin da ba a so, su ne ke fara mutuwa. Shi ya sa jiki ke fizga ba birki.

A lura, ba kamar sikila ba ne, wadda sai an gado ta daga uwa da uba duka. Nan mutum ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa da ya haifa rabi-da-rabi ne, ko ya gada ko ya tsira.

Har yanzu babu maganin warkarwa, sai na rage fizgar da na damuwa, amma gwajin jini yana nuna wanda ya gada. In ciwo ya yi nisa haɗiya kan gagara, don haka a riƙa ba majinyaci abinci mai laushi, yana zaune tsaf, kaɗan-kaɗan, kada ya ƙware.