Yadda Ake Zama da Ciwon Baifola Bayan Likita Ya Tabbatar

Kada ka yanke magani ranar da ka ji garau. Za a ce maka ai ka warke, ko a ce iska ce, ruƙiyya ta wadatar. Yi addu'arka, ka haɗiye ƙwayarka. Dakatar da maganin litiyam kwatsam na cikin abubuwan da suka fi saurin tayar da ciwon.

Barci ya zama da lokaci, kwanciya da tashi, har ranar Lahadi. Idan ka kwana biyu kana barcin awa uku, kuma ka tashi ba gajiya, kanka cike da dabarun kasuwanci, ciwon ne ke hawa. Kira likitanka, ka miƙa katin banki ga wanda ka amince da shi. Goro, kofi da shayi mai kauri su tsaya kafin la'asar. Wiwi da tiramadol kuwa babu zancensu.

Litiyam ne ya fi son kulawa, kuma a nan masu ba da shawara suka fi shirme. Ƙoda ce ke fitar da shi, kuma tana tafiyar da shi kamar gishiri. In jikinka ya rasa ruwa ko gishiri, sai ta riƙe shi, ya taru a jini. Shi ya sa wanda ya ce maka ka daina cin gishiri gaba ɗaya don lafiya, bai taimake ka ba. Ci gwargwadon da ka saba, kullum daidai. A zafin Afrilu, gorar ruwa ta zama abokiyar tafiyarka.

Ciwon kai ko na baya? Panadol. Kada mai kemis ya miƙo maka ibuprofen ko diklofenak, suna ɗaga litiyam a jini. In hannu ya kama rawa sosai, ga amai ko gudawa, kana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, tsaya da maganin ka tafi asibiti a ranar.

Gwajin jini na litiyam ana ɗaukarsa awa 12 bayan shan ƙarshe, wato da safe kafin ka sha na ranar. Galibi ana son sakamakon ya zauna tsakanin 0.6 da 1.0. Ƙoda da maƙoƙo kuma a duba su duk wata shida. Gwajin yana cin kuɗi, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, don haka tambaya tun a asibitin.

Azumi ya haɗa abu biyu masu haɗari, ƙishirwa da raba dare. Zauna da likita tun Sha'aban ku tsara lokacin magani, ko ya gaya maka bana ka jinkirta azumin.

Ban da litiyam, mai shan maganin olanzafin zai ga yunwa ta ƙaru, ciki ya fito. Rage lemon kwalba da fanke, ƙara wake, zogale da tattaki bayan magariba, a riƙa auna suga.

Mace da ke shan Epilim ta gaya wa likita kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya lahanta jariri. Tegretol kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

In tunanin kashe kai ya zo, faɗa wa wani a gidan a daren, kada a jira ranar ganin likita.