DARASIN MAKO: Bulon da ke Kumbura a Wasan Mario da Lissafin da ke Cikinsa

Da yawa daga cikinmu mun taɓa buga gem ɗin Super Mario, ko a wayar yaya, ko a shagon gem na unguwa, ko a irin na'urar nan mai kaset da ake jonawa da talabijin. Yau ba bugawa za mu yi ba, leƙa cikinsa za mu yi, domin akwai darasin Lissafi da Fiziks a wurin da ba mu zata ba.

Asalin wasan

Kamfanin Nintendo da ke birnin Kiyoto a ƙasar Jafan ne ya fitar da Super Mario Bros. a shekarar 1985, ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Wasa ne na gudu da tsalle: ka tsallake rami, ka hau tudu, ka kai ƙarshen zango. Fuskar wasan tana da ɗigo 256 a faɗi da 240 a tsaye, kowane bulo kuma ɗigo 16 ne ta kowane gefe. Raba ka gani: bulo 16 a kwance, 15 a tsaye. Duniyar Mario gaba ɗaya a kan wannan awon aka gina ta, kamar yadda magini ke ƙirga bulo kafin ya tayar da ɗaki.

Matsalar katanga

Tsallen Mario yana da iyaka. Daga tsaye, kusan tsayin bulo huɗu yake kaiwa. To idan katangar gabansa ta fi haka fa? Duk wanda ya taɓa hango nunannen mangwaro a reshen da hannu bai kai ba ya san amsar: a nemo abin takawa, ko turmi ko dutse.

Masu tsara wasa sun ƙirƙiro abin takawa iri-iri. A wasan 1985 akwai bulon da idan aka doke shi wata kuranga ke fitowa ta miƙe sama, a hau ta. A Super Mario World na 1990 akwai jerin bulo masu miƙewa su dawo da kansu, sai ka jira lokacinsu. A Yoshi's Island na 1995 akwai ƙaramin bulo da ke kumbura idan aka doke shi, ya zama dakalin takawa. A Super Mario Maker 2 na 2019 kuwa, mai wasa ne da kansa ke gina zango, ya sa bulon da ke ƙara tsawo duk lokacin da aka buge shi.

Lissafin mai tsarawa

Mu ƙaddara tsayin katanga bulo 6 ne, tsalle kuma 4, sannan ga ƙaramin bulo mai tsayin 1 a gindin katangar. Ka hau shi ka yi tsalle: 1 a tara da 4 ya ba da 5. Ba ka kai ba. Bulon ya kumbura ya zama 2: 2 da 4 sun ba da 6. Ka haye.

Wani zai ce, me zai hana a kumbura shi ya zama 5 a huta? Sai dai idan ya kai 5, shi kansa ya fi ƙarfin tsallenka, ya zama katanga ta biyu. Ka ga ke nan ƙa'ida biyu ta fito. Ta farko, kada tsayin bulon ya gaza abin da ya rage idan an cire tsalle daga tsayin katanga. Ta biyu, kada ya wuce tsallen. A misalinmu dole ya tsaya tsakanin 2 da 4. Wannan shi ne darasin rashin daidaito da muke gudu a aji, mai alamar "ya fi" da "bai kai ba".

A lura da wani abu kuma. Idan gefen bulo ya ninka sau biyu, filinsa ninkawa yake sau huɗu: 16 sau 16 ya ba da ɗigo 256, amma 32 sau 32 ya ba da 1,024. A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki a jarrabawa.

Ina Fiziks ya shigo?

Tsayin tsalle shi ne saurin tashi sau kansa, a raba da ninki biyu na ƙarfin jan ƙasa. Idan muka ɗauki jan ƙasa a matsayin 10, wanda ya tashi da saurin mita 4 a daƙiƙa zai kai 16 a raba da 20, wato mita 0.8. Ninka saurin ya zama 8, tsayin ya koma mita 3.2. A cikin gem, mai rubuta manhaja ne ke zaɓar waɗannan lambobi. Ya yi kuskure kaɗan, Mario ya faɗa inda ba zai iya fita ba, wasa ya lalace. Daman Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba zai fitar da shi ba.

Abin da ya rage gare mu

Umarnin da ke kumbura bulon ba wani tsafi ba ne: idan an doki bulo, to ninka girmansa. Da manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 kuma kyauta ce, ɗan ƙaramar sakandare zai iya gwada wannan a kwamfuta. Mai son ya zurfafa, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote nan kusa a Wudil, ana koyar da ilimin kwamfuta. Amma sai da kiredit a Lissafi da Fiziks, kuma wanda ya kwana yana latsa waya har asuba ba zai same su ba. Tarihi ya nuna maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama suka zauna. Jikokin maƙera bai kamata su tsaya ga buga abin da wasu suka ƙera ba.

Tambayoyin mako

1. Tsalle bulo 5 ne, katanga 9. Tsakanin nawa da nawa bulon takawa zai tsaya?
2. Da wannan tsallen, bulo ɗaya zai iya hayar da kai katanga mai tsayin 11? Kawo dalili.
3. Gefen bulo ya ninka sau uku. Filinsa ya ninka sau nawa?

A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren kulob kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.