Kwashe kaya daban, miƙa makulli daban

Aikina dillancin gidaje ne da kula da gidajen haya a Kano, kuma idan aka ce in ware rigingimun da suka fi cin lokacina, na ranar tashi ne a gaba. Ranar shiga kowa fara'a yake yi: an biya kuɗin shekara, an ba da rasit, an yi addu'ar Allah ya sa an shiga a sa'a. Ranar fita kuwa sau da yawa ba a ma san da ita ba. Sai dai maƙwabci ya kira ni ya ce, "Malam, ai mutanenka sun tashi tun daren Asabar, mun ga a-kori-kura tana lodi." Ga gida a kulle, makulli yana aljihun wanda ya koma Rijiyar Zaki ko ma Kaduna, wayarsa kuma ba ta shiga.

Muddin makulli yana hannunka, kana cikin gidan nan, ko da tsintsiya ba ka bari a ciki ba. Mai gida ba zai iya sa wani ba, ni ba zan iya nuna wa kowa ba, idan kuma wa'adin hayarka ya cika a wannan tsakanin, kuɗi ne ke hawa kanka kullum. In magana ta kai kotu, ana lissafa kuɗin zaman da aka yi bayan cikar wa'adi har zuwa ranar da aka mayar da gida, ba a kuma tambayar ko a nan ake kwana. Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne mai tara tsofaffin kujeru da katifa da buhun takardu a ɗaki ɗaya, ya garƙama kwaɗo, ya ce, "Alhaji, a yi min haƙuri zuwa ƙarshen wata, zan turo yaro." Ƙarshen watan sai ya zama bayan Sallah. Mai gidan da ya fusata ya ɓalle kwaɗon kuma ya jawo wa kansa, don gobe za a ce akwai sarƙar gwal a cikin buhun. Hanyar da doka ta bar masa ita ce takardar sanarwa da kotu, abin da ke cin watanni, duk a kan kayan da ko 'yan gwangwan ba za su taya ba.

Maganar sanarwa kuwa, 'yan haya sun haddace rabinta. Kowa ya san ba a tashinsa dare ɗaya. A dokar karɓar gidaje da ake aiki da ita a Abuja, haka a dokar haya ta Legas ta 2011, mai hayar shekara wata shida ake ba shi, mai hayar wata wata ɗaya, mai hayar mako mako ɗaya, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. A nan ma wata shidan ne a bakin kowa. Ɗaya rabin yana cikin takardar da aka sa wa hannu ranar shiga aka jefa ƙasan akwati. Yawancin waɗanda muke rubutawa suna neman ɗan haya ya sanar tun saura wata ɗaya zuwa uku. Ko babu takarda, a ganina wata biyu shi ne adalci, domin akwai mai gidan da kuɗin hayar nan ne kuɗin makarantar 'ya'yansa. A rubuta, ko da saƙon WhatsApp ne mai kwanan wata. Gaya wa yaron Alhaji a ƙofar masallaci ba sanarwa ba ce. Da zarar an sanar kuma, masu neman gida za su fara zuwa gani. A tsayar da rana da lokacin da ɗan hayan yake nan, don kada a riƙa shigar wa iyali da baƙin maza, amma kada a hana gaba ɗaya.

Wanda zai tashi kafin shekararsa ta cika ya sani cewa ba dole ba ne a mayar masa da ragowar kuɗi. Abin da aka saba shi ne a roƙi mai gida, in an samu sabon ɗan haya a mayar da abin da ya rage. Sayar wa wani ragowar watannin, ko barin ƙane a ciki ba da sanin mai gida ba, saɓa yarjejeniya ne, kuma duk ɓarnar da aka yi sunanka ne a takarda.

Inda aka fi ɗaga murya shi ne wajen raba tsufa da ɓarna. Malaman fiƙihu sun ɗauki mai haya a matsayin amini: ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Yarjejeniyoyin zamani ma a kan wannan suke tafiya. Fentin da rana da ƙurar hunturu suka koɗar, kan famfon da robarsa ta cinye, kwanon da ya tsufa ya fara yoyo, ƙofar katakon da ta kumbura da damina, duk na mai gida ne, kuma nakan faɗa wa masu gida hakan ko ba su so ba. Gida ba ya shekara uku da mutane a ciki ya fito kamar ranar da magini ya sauka. Amma ramin da aka fasa a bango don na'urar sanyaya ɗaki, hujojin maratayin talabijin, silin ɗin da ya yi baƙi ƙirin saboda an mayar da ɗakin kwana kicin ana girki da gawayi, masan da ya toshe saboda famfas ɗin yara, baƙin man janareto da ya jiƙa dandamali, gilashin tagar da ƙwallo ta fasa, waɗannan naka ne. Akwai kuma na tsakiya, wanda shi ne sakaci. Yoyon rufi na mai gida ne, amma idan ka gan shi damina biyu ka sa bokiti ka yi shiru har silin ya rufto, kana da kaso a ciki.

Shi ya sa ba na karɓar makulli a ofis. Tare da ɗan haya muke zuwa gidan, da rana, bayan an kwashe komai. Ina kunna kowane famfo, in kora ruwa a masai in tsaya in ga ya wuce, in soka cajar waya a kowane soket, in buɗe kowace taga in rufe. Sai in ce a ɗaga ledar tsakar ɗaki. A nan fuskoki kan sauya, domin a ƙarƙashinta ake samun fasasshen tayil, ko simintin da danshi ya cinye, ko hanyar gara ta bi gindin bango ta hau ƙyauren ƙofa. Wani ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe haka na same shi." Wani lokacin gaskiya yake faɗa. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai dai babu abin da zai raba gardamar in ban da hoton da aka ɗauka ranar shiga. Wanda yake da shi a waya magana ta ƙare cikin minti biyu. Wanda ba shi da shi sai rantse-rantse, ƙarshenta a raba asara biyu a gaban mai unguwa.

Sai kayan da ɗan haya ya sa da kuɗinsa. Fanka, labule, na'urar sanyaya ɗaki, farantan sola da batura, tankin roba da aka ɗora a kan ƙarfe, ka ɗauki abinka, ka toshe inda ka huda, ka mayar da abin da ka tarar a wurin. Tayil, silin, ƙofar ƙarfe da aka kafa da siminti, ƙarfen taga, rijiyar burtsatse, waɗannan sun zama jikin gida. Na taɓa shiga gidan da mai tashi ya ɓamɓare ƙofar ƙarfen da ya sa, alhali ta katakon da ya tarar tuni an yi makamashi da ita. Kuɗin gyaran bangon ya kusa kuɗin ƙofar. Lokacin yin wannan magana shi ne kafin a kira magini, a rubuta ko za a cire daga kuɗin haya ko kyauta ce.

Wuta tana da nata. Bashin wuta na wanda ya sha ne, amma a kan lambar asusun gidan yake zaune, don haka wanda ya shigo bayanka shi zai tarar da shi, ko a zo yanka, ko ya sayi kati ya ga an zaftare wani kaso na bashin baya. In gidan na bil ne, ka biya na ƙarshe ka ajiye rasit, ka kuma je ofishin KEDCO na yankinku ka sanar, don bil ba ya daina zuwa saboda an tashi. In gidan na mita mai kati ne, ka ɗauki hoton fuskar mitar ranar fita. Ko kai ka biya kuɗinta, da adireshin gidan aka yi mata rajista, ba a kwance ta a tafi da ita kamar fanka. A daidaita da mai gida a kan kuɗin. Wanda kuma ya zagaye mita da waya, dokar wutar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kan haka, kuma ba daidai ba ne ya bar wa na baya tarkon.

Ƙananan basussuka su ne ake raina wa: kuɗin ruwa, na mai shara, na 'yan sintiri, karo-karon gyaran taransifoma, kason kwashe sokawe a gidan haɗaka, lissafin mai garuwa da littafin mai shagon bakin layi. Waɗannan mutane wurina suke biyowa. A share gida kuma, a wanke banɗaki, a kwashe tarkace a kai bola, kada a jibge su a kwata a bar wa maƙwabta da ruwan sama.

Takardar miƙa gida ba ta wuce rabin shafi: kwanan wata, adadin makullan da aka mayar har da na get da waɗanda aka yanka wa yara, abin da mita ta nuna, gyaran da aka amince da shi da wanda zai biya, sa hannun ɓangare biyu da shaida. Idan an ba da kuɗin ajiya na koshan ranar shiga, a rubuta nawa za a cire, a kan me, da ranar da za a mayar da sauran. Masu gida da yawa suna ɗaukar wannan kuɗi kamar ƙarin haya, alhali amana ce a hannunsu, kuma ɗan hayan da ya fita da takarda shi ne yake da bakin nemansa. Kowa ya riƙe kwafi, ɗan haya kuma ya bar lambar da za a same shi da ta wani nasa, ko don bil ɗin watan da bai riga ya fito ba.