Amsoshin Tambayoyinku: Gurnanin lasifika da shan batir

Wani mai sauraronmu daga Dakoro, jihar Maradi, yana tambaya: me ya sa lasifikar masallacinsu ke gurnani, tana kuma shanye batirin sola?

To malam, a duba wayar makirfo tukuna. Amfilifaya mai kyau tana karɓar murya ta wayoyi biyu, ta ƙara bambancin da ke tsakaninsu kawai. Gurnanin wutar lantarki kuwa yana shiga wayoyin biyu daidai wa daida, sai ya soke kansa. Alan Blumlein na Ingila ya yi rajistar wani nau'in wannan dabara a 1936. Amma tana aiki ne in ɓangarorin biyu sun daidaita. In mai gyara ya sa rezista da ba irinta ba, ko wayar makirfo mai fil uku ta tsinke, sai gurnani ya dawo.

Wani zai ce a murɗa maɓallin ƙara sauti kawai, murya ta danne gurnanin. Ai murɗawar tana ƙara su tare, batir kuma ya sha wahala. Ga masu sola, amfilifaya ajin D ta fi, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja yana isa lasifika, tsohon ajin AB kuwa yana zubar da kaso mai yawa a zafi.